Rubutun Kwali da na Kwamfuta

Tun ƙarancin takardun kuɗin da aka sha a farkon 2023 wani baƙo ya shigo kasuwanninmu ya samu wurin zama: kwalin lambar asusu. Duk wanda ya ratsa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya tsaya wurin mai tsire a bakin tasha a Ƙaura Namoda, ko ya leƙa rumfar hatsi a Zurmi, zai gan shi rataye da igiya ko jingine da mudu. Gefen kwalin taliya ne ko na sabulu aka yaga, aka juya bayansa, aka sa baƙar maka aka rubuta lambobi goma, sunan banki a ƙasa, sunan mai kaya a ƙarƙashinsa. Shi ke nan.

Amma a matsa kusa a duba yadda aka yi rubutun. Kowace lamba ta kai tsawon yatsa. An bi ta sau biyu ko uku har ta yi kauri. An bar fili tsakanin lamba da 'yar'uwarta, sau da yawa ma an kasa su uku, uku, huɗu, don ido ya ɗauka ya kai waya ya dawo bai manta inda ya tsaya ba. Bakwai an gitta mata sanda a ƙugu don kada a ɗauke ta ɗaya. Bakin uku a wangale yake, ba yadda za a yi ta rikiɗe ta koma takwas. Mai wannan kwali wataƙila bai gama firamare ba, bai kuma taɓa jin sunan wani zubin harafi ba, amma ya kiyaye kusan duk ƙa'idar da masana aikin ɗab'i suka shekara suna bincike kafin su tsayar da ita.

To, a ɗaga kai a dubi bangon da ke bayansa. Da wuya a rasa fasta a manne: sanarwar rigakafi, ko rajistar wani abu, ko rabon taki, ko ɗaukar ɗalibai. Wannan kam kwamfuta ce ta yi shi, an kashe masa kuɗi, launi ya kai biyar. Kan maganar an rubuta shi da haruffa masu jela da murɗe-murɗe, an yi musu inuwa, an zagaye su da ruwan zinare. Hotunan manya sun cinye rabin takardar, tambura sun jeru a sama. Abin da ya sa aka buga takardar kuwa, wato yaushe, a ina, wa ake nema, da me zai zo, yana can ƙasa a takure, fari a kan ruwan ɗorawa, sai mutum ya kai hancinsa bango kafin ya gane ran 13 aka ce ko ran 18.

Na daɗe ina auna waɗannan takardu biyu, abin da na gano kuma bai wuce wannan ba. Mai kwali, idan aka kasa karanta rubutunsa, shi zai kwana da asara: ko mai saye ya gaji ya wuce gaba, ko kuɗinsa su faɗa asusun wani da bai taɓa gani ba. Shi ya sa yake rubutu da idon mai karatu. Mai fasta kuwa an sallame shi tun kafin gam ya bushe. Idan wata uwa ta kai ɗanta rigakafi bayan kwana biyar da tashin ma'aikata, ba mai dawowa shagonsa ya tuhume shi, shi ma ba zai taɓa ji ba. Asarar tana nan, sai dai ta sauka a kan wadda ba ta wurin lokacin da ake zaɓen harafi.

Wanda ke zaɓen yawanci saurayi ne mai ƙarfin ido, zaune gaban allon kwamfuta mai haske, kamu biyu tsakaninsa da rubutun, yana iya ƙara masa girma duk sa'ad da ya ga dama. Wanda zai karanta kuwa magidanci ne da ya haura hamsin. Daga wajen shekara arba'in idon ɗan Adam ke fara gajiya da abin da ke kusa, shi ya sa za ka ga dattijo yana miƙar da hannu, yana nesanta takarda da fuskarsa, kuma ba kowa ke da tabaran karatu a aljihu ba. A zaure zai karanta bayan magariba, da fitilar waya. Ko kuma uwa ce a ɗaki, yaro yana kuka a cinyarta. Da yawa daga cikinsu bokon shekara uku ko huɗu suka yi, ko ajin yaƙi da jahilci, har yanzu haɗa baƙi suke yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan batu na ƙarshe shi ne mai nauyi. Wanda ya goge da karatu, ko rabin kalma ya gani zai cike sauran da ka. Mai haɗa baƙi ba shi da wannan gata. Idan harafi ɗaya ya shige masa duhu, kalmar duka ta tafi. Saboda haka duk kwalliyar da aka ɗora wa harafi, mai ƙaramin karatu ne ke biyan kuɗinta.

Ita ma takardar ba a yadda ta fito daga firinta za ta zauna ba. Rana za ta dake ta, ja da ruwan ɗorawa su fara koɗewa, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, feshin damina ya jiƙa ta. Wadda ake rabawa a hannu kuma sai an yi mata fotokwafi, a sake yi wa fotokwafin fotokwafi, a injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa. Kada kuma wani ya ce ai zamanin takarda ya wuce tunda akwai waya. Mutanen wannan yanki sun san abin da ya faru a watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni suka shuɗe ba kira, ba saƙo, ba WhatsApp. Abin da ya rage wa jama'a shi ne rediyo, da mai shela, da sanarwar masallaci, da takardar da aka manna a bango.

Abin da ke sa harafi ya karantu ba wani ɓoyayyen ilmi ba ne, ido ma yana gani idan an nuna masa. A ɗauki ƙananan a, e, c da s a dubi cikinsu. A wani zubin cikin a buɗe yake, iska na shiga. A wani kuma bakin ya kusa haɗewa, da tawada ta ɗan malala sai e ta zama o, c ma ta zama o. A dubi sirantar layi. Times New Roman, wanda kowace takardar ofis ta saba da shi, an fito da shi ne a 1932 don jaridar The Times ta Landan, don a cusa magana mai yawa cikin siririn layin jarida a kan injin ɗab'i mai kyau. Yana da wurare sirara ƙwarai, kuma su ne ke fara ɓacewa a fotokwafi na uku. Ƙananan baƙaƙensa ma gajeru ne, shi ya sa idan ka buga layi ɗaya da shi a lamba 12, ka buga wani da Arial ko Tahoma a lamba 12, za ka rantse ba girmansu ɗaya ba. Ke nan faɗin “na sa 12” bai wadatar ba, sai an duba abin da ya fito a takarda.

Shi ma Arial yana da nasa aibin. Babban I da ƙaramin l nasa kusan abu ɗaya ne, sanda ce tsaye kawai. A buga Illela da shi a gani: sanduna uku ne a jere a farkon kalmar, mai haɗa baƙi ya rasa ta inda zai kama. Haka sifili da babban O, haka r da n idan suka matsu da juna suka koma m. Saboda irin wannan ne wata cibiyar masu raunin gani a Amurka, Braille Institute, ta fitar da zubin da ta kira Atkinson Hyperlegible a 2019, inda aka bi duk haruffa da lambobin da ke kama da juna aka ba kowanne alamar da za ta raba shi da ɗan'uwansa. Gardamar da masu sana'ar suka daɗe suna yi, wai harafi mai 'yan ƙafafu irin Times ya fi ko maras ƙafa irin Arial, bincike bai nuna wani babban bambanci a kanta ba, ni ma ba zan tsaya a kai ba. A ganina takardar bango da wadda za a yi wa fotokwafi sun fi son maras ƙafa mai ɗan kauri, littafi mai shafuka kuma kowanne ya yi.

Akwai wata al'ada da ta kama mu, ta rubuta sanarwa tun daga sama har ƙasa da manyan baƙaƙe, wai don ta fi fitowa. Ba ta fitowa. Manyan baƙaƙe tsayinsu ɗaya, kowace kalma sai ta zama tubali, babu mai kai sama, babu mai jela ƙasa, ido ya rasa abin kamawa. Wani masani a Jami'ar Minnesota, Miles Tinker, ya shafe shekaru yana gwada saurin karatun mutane, ya tara sakamakon a littafinsa na 1963, cikin abin da ya tabbatar kuwa har da cewa rubutun manyan baƙaƙe zalla yana rage saurin karatu. Lokacin da Ingila ta sake allunan hanyoyinta, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1965, Jock Kinneir da Margaret Calvert da aka ba aikin sun bar tsohon salon manyan baƙaƙe, suka rubuta sunan gari da babban baƙi ɗaya a farko, saura ƙanana, don direba ya gane surar sunan tun daga nesa. Masu yin alluna kuma suna da ƙiyasin da ya kamata kowane mai shagon kwamfuta ya haddace: inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. Wanda zai buga bana da za a rataya a tsallaken titin Gusau zuwa Shinkafi, ya fara auna faɗin titin kafin ya taɓa linzamin kwamfuta. Ya kuma bar ɗabi'ar nan ta kama gefen rubutu a CorelDraw a matse shi don ya shiga layi ɗaya. Matsewa tana sirantar da sandunan tsaye, ta toshe cikin haruffa, ta rushe duk abin da mai zanen harafin ya auna. Idan magana ta ƙi shiga, maganar za a rage.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne wajen magani. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta shekara tana aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara a waɗannan ƙananan hukumomi biyu a watan Yunin 2024, ta samu wajen ɗaya cikin kowane huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Ma'anar wannan ita ce dubban iyaye mata suna komawa gida da kati, da ƙullin magani, da ranar dawowa a rubuce. Haka kowace damina, da masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ke bi gida gida don yara 'yan wata 3 zuwa wata 59: na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa ake bari. Daga nan ba likita, ba nas, sai ita da abin da aka rubuta ko aka zana mata.

A irin wannan takarda ɗigo ɗaya yana iya zama rai. Tsakanin 2.5 da 25 ba komai sai ɗigon nan, ƙarami kamar ƙwayar gero, kuma shi ne abu na farko da fotokwafi ke cinyewa. Shi ya sa masu harhaɗa magani suke da doka: a rubuta 0.5, kada a rubuta .5 ba sifili a gaba. A rubuta 5, kada a rubuta 5.0, don in ɗigon ya ɓace ya zama 50. A takardar Hausa ma gara a ƙara da kalmomi, a ce rabin cokalin magani, a zana cokalin a gefe. Tarayyar Turai, a ƙa'idar da ta fitar a 2009, ta ce kada rubutun takardar cikin kwalin magani ya gaza lamba 9. Ƙungiyar makafi ta Ingila, RNIB, ta ce takardar da aka yi don jama'a kada ta gaza 12, gara ma 14. Wannan fa a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan, tabarau kuma yana hannun kowa. Mu da ke karatu da fitilar waya, 14 ya kamata ya zama mafarinmu.

Wanda yake son ganin aikin da aka yi da tunanin mai karatu, ya dubi ɗan tef ɗin da ake zagaya wa damtsen yaro a asibitin tamowa. Lambobi na jiki, amma ba a dogara da su kaɗai ba. Ja ne ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa daga nan zuwa 12.5, kore daga nan zuwa sama, da 'yar taga inda launin zai leƙo. Uwar da ba ta taɓa riƙe alli ba, a nuna mata sau ɗaya ta gane, ta riƙa auna ɗanta a gida. Kwatanta shi da robar maganin feshi da manomi ke saye a kasuwa. Sunan maganin ƙato, hoton ciyawa ko tsutsa ƙato, amma yawan da za a zuba, da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin, da abin yi idan ya shiga ido, duk an dunƙule su a bayan roba cikin Turancin da ko mai digiri sai ya ƙanƙance ido. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Dattijo zai miƙa wa ɗan makaranta robar: “Ɗana, duba man nan, murfi nawa anka ce a zuba?” Yaro ya jujjuya ta, ya kai ta haske, ya ce, “Baba, rubutun ya yi ƙanana.” Sai dattijo ya ce to, a zuba yadda maƙwabci ke zubawa, a ɗan ƙara don ya fi ci. A gindin irin wannan roba akwai zirin launi da ke faɗin ƙarfin gubar, ja mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Shi kaɗai ne ɓangaren da aka yi don idon manomi, kuma da malaman gona za su buga bayaninsa da Hausa a takarda ɗaya mai manyan haruffa su manna a rumfunan masu sayarwa, da sun yi babban aiki.

Mu masu rubutun Hausa muna da wani ƙarin nauyi da Bature ba shi da shi: baƙaƙe masu lanƙwasa. Sunan Ƙaura kansa da ɗayansu ya fara. Ba da su aka soma boko ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ɗigo yake sa wa a ƙarƙashin k, ya sa waƙafi a gaban b da d. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka koma ga ɓ, ɗ da ƙ da muka sani, su ne kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, da littattafan Kamfanin Gaskiya suka zaunar a idon mutane. Dabara ce mai kyau, domin lanƙwasar a jikin harafin take, ba ta faɗuwa yadda ɗigo ke faɗuwa. Amma keken rubutu bai zo da su ba, kwamfutocin farko ma haka. A shekarun 1980 sai da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta sa aka zana haruffan bai-ɗaya na harsunan Najeriya, har da hannun shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin Rabi'at da na Abdalla, waɗanda suka daɗe suna ɗauke da ɗab'in Hausa. Irin waɗannan zubi na wancan zamani aron gurbin wasu maɓallai suke yi, shi ya sa har yau idan aka buɗe tsohuwar takarda a kwamfutar da ba ta da zubin, sai ka ga qasa a wurin ƙasa, xaya a wurin ɗaya, ko wata baka ta tsaya a inda ƙ take.

Yau wannan uzuri ya ƙare. Arial da Times New Roman na kwamfutocin yanzu suna da baƙaƙen nan. Akwai Andika, da Charis, da Gentium na ƙungiyar SIL, akwai Noto na Google, duk kyauta. Andika ma musamman don sababbin masu karatu aka zana shi: a da g nasa irin waɗanda malamin firamare ke rubutawa a allo ne, I da l da 1 kuma kowanne da kamarsa. Zubin kwalliya kuwa, irin su Algerian da Monotype Corsiva da Old English da ake so a kan magana, ba su san da zaman ƙ ba. Idan ka buga ta, ko dai akwati ya fito, ko kwamfuta ta aro ta daga wani zubin ta dasa, ka ga harafi ɗaya siriri tsaye a tsakiyar kalma kamar ba ɗan gidan ba. Daga nan sai mai shago ya ce bari kawai a sa k. A hira ta waya wannan ba komai, mai karatu zai gane. A takardar ɗakin awon ciki kuwa bari daban, ɓari daban, kuma mai haɗa baƙi abin da ta gani shi za ta furta. Gwajin ba wuya: kafin ka zaɓi zubi, buga ɓ ɗ ƙ, ka buga manyansu Ɓ Ɗ Ƙ, ka mai da su masu kauri, ka duba ko duk sun fito da kama ɗaya da sauran.

Sai ajami, wanda masu buga sanarwa ke yawan mantawa da shi, alhali a garuruwan nan akwai dattawa da yawa da idonsu ya fi sakewa da shi nesa ba kusa ba. An cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007, aka cire shi daga naira 100 ta 2014, amma yana nan a 200 da 500 da 1000, yana kuma nan a zukatan waɗanda suka tashi a makarantar allo. Sai dai wanda ya yi niyyar alheri ya buga ajami ma yana iya yin tuntuɓe a kan zaɓen harafi. Larabcin da ke zuwa cikin kwamfuta na ƙasashen gabas ne, siriri. Idon da ya tashi da Warshu kuwa ya saba da rubutu mai kauri irin na Alƙur'anin hannun Sharu Bala Gabari na Kano, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas, mai ɗigo ɗaya a sama ita ce fa. Sura ɗaya, karatu biyu. Ga kuma ɗigon imala na ƙarƙashin baƙi da ajaminmu ke nuna wasalin e da shi, wanda ba kowane zubin kwamfuta ke da shi ba. SIL ta fitar da zubin da ta kira Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun hannun littattafan kasuwar Kano, da wani mai suna Harmattan. In ba a samu waɗannan ba, hanyar da masu ɗab'in Kano suka daɗe suna bi tana nan: a nemi malami mai kyan hannu ya rubuta, a ɗauki hoton rubutun a buga. Ɗaliban Islamiyya kuma, musamman mata, da yawansu da bugun Hafsu suka saba, su rubutun gabas ne nasu. Ko a nan ma, sai an fara sanin wa zai karanta.

Kada a ɗauka ina gaba da ado. Katin biki, da kalandar ango da amarya, da rubutun jikin babbar mota, a ƙawata su iyakar iyawa, wurinsu ke nan, ni ma ina jin daɗin kallonsu. Makarantar allo ta riga ta raba mana wannan gardama tun da daɗewa. Allon da ƙolo ke koyon babbaƙu a kai fayau yake, malam ya sa alƙalamin kara ya zana baƙi manya manya, baƙar tawada a kan farin allo, sai yaro ya ƙware rubutun ke raguwa. Allon zayyana kuwa, mai launuka da zane, na ranar sauka ne, a ɗaga shi a nuna wa dangi a yi murna. Ba malamin da ke ba ƙolo allon zayyana ya ce ya koyi karatu da shi. Sanarwar rigakafi da takardar magani allon karatu ne.

Adalci kuma shi ne a faɗi cewa ba yaron shago kaɗai ke da laifi ba. Sau da yawa ya san daidai, mai aikin ne ke tsaye a kansa. “Yaro, ƙara masa kwalliya mana, ya yi fayau da yawa.” “Hoton mai girma ya yi ƙarami.” “Haɗe mini shafi biyun nan su zama ɗaya, kuɗin takarda ya yi yawa.” Yaro ya ce, “To, ranka ya daɗe,” ya rage rubutu daga 14 zuwa 9, don ya san in ya miƙa aiki fari da baƙi ba ado za a ce bai iya ba, gobe a kai wa na kusa da shi. Mai ba da aikin yana tunanin ogansa da zai gani, ba ya tunanin matar ƙauye da za ta karanta. Alhali fili fari a takarda ba asarar kuɗi ba ne, shi ke ba ido wurin hutawa ya gane ina magana ta fara, ina ta ƙare. Tambari biyar da hoto uku ba su taɓa kai yaro ko ɗaya wurin allura ba, kwanan wata da sunan wuri ne ke kai shi.

Kirana ga masu shagunan kwamfuta na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tun 1983, waɗanda da yawansu su ne za su riƙe wannan sana'a gobe, da jami'an lafiya da na gona da ke kai musu aiki: kafin ku buga kwafi ɗari biyar, ku buga ɗaya. Ku yi masa fotokwafi, ku manna fotokwafin a bango a waje, ku ja da baya zuwa inda mai wucewa zai tsaya. Sa'an nan ku roƙi wani dattijo ko wata inna da ba su san abin da ke ciki ba su duba. Kada ku tambaye su ko ya yi kyau, don kunya za ta sa su ce ya yi. Ku ce, “Baba, yaushe aka ce a zo, kuma ina?” Idan ya amsa nan take, ku buga sauran. Idan ya matsa kusa yana ƙanƙance ido, ku koma ku ƙara wa harafin girma, ku cire hoto ɗaya, ku sake gwadawa.